Muryar Iya a Kan Kaset ɗin Burtali

Akwai wata ƙara da har yau ba ta bar kunnena ba. Tana farawa da fito siriri mai tsawo, sai ta tsinke ta koma kamar an zuba tsakuwa a kwanon sha ana girgizawa, can kuma ta sake fito. A ɗakin kakata na fara jin ta, da hantsi, ɗakin yana ƙamshin daddawa da hayaƙin itacen kirya, kaji suna tono a bakin ƙofa. Ina da shekara tara a lokacin. Ban san abin da nake ji ba. Da na sani, da yatsana bai kusanci jan maɓallin nan ba.

Ban tsufa ba, ko furfura ɗaya ba ta fito mini ba tukuna. Amma idan 'ya'yan yayyena suka kewaye ni a nan Katsina suna so in ba su labarin garinmu, sai in ji bakina ya koma irin na tsofaffi, komai sai na fara da "a da" ko "lokacin muna can". Ƙauyenmu yana tsakanin Runka da Zakka a ƙasar Safana, kuma yau babu mai kwana a cikinsa. An ce ciyawa ta rufe tsakar gidanmu, kurnar bayan ɗakin kakata Iya ta faɗi a kan katanga. A da, sawun shanu ne ke tashe mu daga barci. Da sassafe za su biyo ta burtali, wato hanyar da aka bar musu tsakanin gonaki daga ruga zuwa mashaya, ƙasa tana amsa kofatonsu, makiyayi yana kiran kowace saniya da sunanta. Idan suka wuce sai mu ɗauki tuluna mu nufi rijiya. Idan suka dawo da yamma mun san lokacin kwashe shanya ya yi, a kora kaji akurki, a hura wutar tuwo. Yanzu ƙarar babur ce ke tashin mutanenmu da suka rage a ƙauyukan gefe, kuma idan suka ji ta 'ya'yansu suke sunkuta su faɗa cikin dawa.

Babana malamin firamare ne, ɗan garin, mutum mai sanyin magana da son duk wani abu mai waya a jiki. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ita kuma Iya takan ce mini takwara. Wata ranar kasuwar Batsari ya dawo da kwali ɗaure a bayan babur, yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Wani abokinsa mai gyaran rediyo ne ya tsinci abin a cikin kayan gwanjo ya ajiye masa. Baƙin abu ne, bai kai littafin rajista girma ba, da maɓallan roba masu laushi, wasu haruffan sun goge a ƙarƙashin yatsun yaran da ba mu taɓa gani ba. Baba ya ce kwamfuta ce. Mutanen gari suka sa mata allon Bature. Ba ta da fuskar kanta, sai an jona ta da ƙaramin talabijin ɗinmu mai baƙi da fari, shi kuma a jona shi da batirin mota da ake kai wa caji Safana duk mako. Tana da wani hali kuma, da zarar an kashe ta ta manta duk abin da aka gaya mata. Saboda haka sai an haɗa ta da rikoda, ta juye abin da ta sani a kaset kafin a zare waya. Wannan duk daga baya na fahimce shi. A lokacin abin da nake gani kawai shi ne Baba ya soka waya a gefen rikoda, ya danna, ɗaki ya yi tsit, ratsi-ratsi su yi ta rawa a talabijin, can sai rubutu ya fito. Wayar nan tana toshe muryar rikodar, shi ya sa ban taɓa jin abin da ke cikin kaset ɗin ba. Ni a zatona maganar a cikin baƙin allon take zaune, yadda karatu ke zama a kan mahaddaci.

A cikin kwalin akwai littafin bayani mai kauri, gefensa ya yi ja don tsufa. A bayansa akwai sunan kamfanin da ya ƙera ta da adireshinsa a Ingila, da hoton wani uba da 'ya'yansa biyu a gaban talabijin, ƙafafunsu a kan kafet. Nakan kwanta rub da ciki in yi ta kallon hoton nan har a kira ni surfe. Na raɗa wa yaran suna. Na gina wa masu kamfanin wani dogon gida a raina, mai tagogi da yawa, kowace taga da mutum sanye da farin gilashi yana murɗa waya.

Akwai dalilin da ya sa Baba ya nace sai ya same ta. Wani tsohon littafi ne a gidan mai gari da aka rubuta iyakokin gonaki da faɗin burtali tun zamanin kakanni, ranar da aka buɗe adakar da yake ciki aka tarar gara ta mai da shi gari. Abin da ya saura yana cikin kan mutum biyu. Ɗaya Sarkin Noma, tsoho tukuf, gajere, mai yawan tari da yawan tsokana. Ɗayan Arɗo, shugaban Fulanin rugar da ke yamma da mu, dogo kamar giginya, wanda ba ya raba hannunsa da sanda. Tare suka yi ƙuruciya, kuma ba su taɓa zama wuri ɗaya ba tare da sun yi musu ba. Baba ya ce gara ba ta cin kaset. Ranin nan gaba ɗaya, duk Asabar su ukun sukan fita da safe su bi burtalin da ƙafa, Baba yana rubutu da alli a ɗan allon 'yan makaranta. Bayan la'asar su zauna a zaurenmu ya zuba abin a kwamfuta, ya goge allon da gefen hannu. Ni ce mai kawo ruwa da fura, kuma nakan ƙi tashi.

"Rubuta, Modibbo," in ji Arɗo, haka yake kiran Baba. "Daga gawo mai rassa biyu zuwa jan suri, taki talatin."

"Takin wa?" in ji Sarkin Noma. "Naka ko na ɗan Adam? Kai da ƙafafu kamar na zalɓe, taki talatin ɗinka ai sai ka isa Runka."

"To mu ɗauki naka, gajere. Da naka aka auna, ko akuya sai ta bi ta gefe-gefe."

"Akuyar ma ta fi shanunka ladabi. Bara wa ya cinye mini wake?"

"Waken da ka shuka a kan hanyarmu? Sadaka ka yi, Allah ya karɓa."

Sai su yi ta dariya har tari ya sarƙe Sarkin Noma, Arɗo ya miƙa masa kwanon ruwa. A ƙarshe takin Baba suka yarda da shi, suka ce shi ba noma ba kiwo, ƙafarsa ba ta da dangi. Ranar da aka gama, Baba ya karanto musu komai daga talabijin, tun daga bakin ruga har mashaya, kowace bishiya da kowane dutse da layin gamba. Kowa a cikinsu ya ce haka yake. Aka shafa fatiha. Da ruwan farko ya sauka Sarkin Noma ya kwanta, bai yi mako ba ya rasu. Arɗo yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma ran nan ne kaɗai na gan shi ba sanda.

Yaran yanzu ba su san aika kaset ba. Kafin wayar hannu ta iso mana, tsohuwar da ba ta iya rubutu ba, idan tana son magana da ɗanta da ke nesa, rikoda ake ajiye mata a gaba ta yi ta magana, a naɗe kaset ɗin a tsumma a ba matafiyi. Ƙanen Baba, Baffa Sale, ya daɗe yana aiki a Makka, Iya kuma ba ta da magana sai tasa. Wata safiya Baba yana makaranta, ni kuma ban je ba don ina ciwon ido, ta leƙo ta kira ni.

"Takwara, ɗauko mani rikodar ubanki. Wani mutumin Zakka gobe za shi tashi zuwa Makka."

"Iya, Baba ya hana a taɓa."

"Ni na haifi mai hanawar. Ɗauko."

Na ɗauko. Akwai kaset a ciki. Iya ta ce in kunna mu ji kada mu goge wa'azi. Na danna, sai ƙarar nan ta cika ɗakin. Iya ta toshe kunnuwa da hannu biyu.

"A'uzubillahi! Mi ne ne wannan, taron aljanu? Kai shi gaba."

Na kai gaba, ita ce dai. Na sake kaiwa, ita ce.

"Zafi ya narka shi," in ji Iya. "Ubanki da tara tarkace, ko yarwa ba ya iyawa."

Da a nan ta ce in mayar, da shi ke nan. Ni ce na yi magana. Ina so ta san takwararta 'yar boko ce, na ce mata idan aka ɗauki sabuwar magana a kan lalataccen kaset yakan gyaru, na taɓa gani. Na mayar da shi farko da biro don kada batir ya ƙare, na danna jan maɓalli da na kusa da shi tare, na yi mata alama da kai.

Iya ta gyara zama, ta gyara kallabi kamar yana ganin ta. Ta yi sallama, ta gaishe shi da aiki da zafin ƙasar da mutanen da yake zaune da su. Daga nan ta bi garin gida-gida, tun daga ƙofar gabas. Ta gaya masa wa ya haihu da sunan da aka raɗa, wa ya rasu, rijiyar wa ta rufta, bijimin wa ya karye, wace yarinya ta iya saƙar faifai, wa ya yi sabon rumbu. Ba ta tsallake gida ko ɗaya ba, har rugar Arɗo ta shiga ta isar da gaisuwar matansa. Sai da kaset ya kusa ƙarewa ta ce, "Sale, yaushe za ka zo?" Muryarta ta karye, ta yi kuka mai yawa. Sannan ta ɗaga mini hannu.

"Kashe. Ba ni aika ma ɗana kuka, sai ya ce yunwa muke yi."

Da baki ta ba mutumin Zakka saƙo. Ni kuwa na sake juya kaset ɗin da biro, na mayar da rikoda inda take, na manta.

Gero ya kai gwiwa lokacin da maganar ta tashi. Wani manomi, Tanko, ya ja kunyoyinsa sun shiga burtali daidai wajen jan suri, inda hanyar ta fi matsewa, shanu ba su iya wucewa sai sun taɓa shuka. Arɗo bai yi faɗa ba. Ya ce a je wurin Modibbo, maganar abokinsa tana can. Bayan la'asar suka cika zaurenmu, da mai gari da Tanko da wasu dattawa, takalma jere a ƙofa. Baba ya shimfiɗa wayoyinsa ba gaggawa, fuskarsa a sake, irin ta mutumin da ranar da ya yi wa tanadi ta zo. Ya soka waya, ya danna. Ratsin bai fito yadda ya saba ba. Ya mayar, ya sake dannawa. Ya duba batir, ya hura bakin wayar, ya sake. Na shigo da kwanon ruwa daidai lokacin da ya zare wayar daga gefen rikoda don ya saurara da kunnensa.

"Salamu alaikum, Sale, ɗana, uwarka ce ke magana."

Wasu suka yi dariya. Tanko ya fi kowa.

"To, Malam, Iya ce za ta raba mana iyakar?"

Arɗo bai yi dariya ba. Ya matso, ya dubi rikodar, ya dubi Baba.

"Modibbo, ina maganar abokina?"

Baba ya kai kaset ɗin gaba, Iya tana maganar rijiya. Ya ƙara kaiwa, tana kuka. A can ƙarshe, bayan ta ce a kashe, ƙarar nan ta fito, gwargwadon numfashi uku ko huɗu, sai maɓalli ya ɗago da kansa. A wannan lokacin na gane ko mene ne na ji a ɗakin Iya. Ruwan kwanon ya fara zuba a kan ƙafata. Baba ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, ya mai da idonsa kan dattawa.

"Laifina ne," ya ce. "Akwai ɗan kunne a bayan kaset da ake ɓallewa don kada a ɗauki wani abu a kansa. Ban ɓalle ba."

"Ba komai," in ji Arɗo a hankali. "Ni na san takin. Talatin ne."

"Kai ka sani," in ji Tanko, "amma ai kai ne mai shanun."

Sarkin Noma, mutumin da zai ce wa Tanko rufe mana baki, yana kabari. Mai gari ya ce a yi haƙuri bana, in an yi girbi a duba. Arɗo ya ɗauki malfarsa da sandarsa ya yi sallama. A bakin ƙofa ya dafa kaina ya wuce.

Kwana uku ban ci abinci ba. Zazzaɓi ya rufe ni, ina ta sambatu ina ƙirga taki. Iya ta zauna a gefena tana cewa ita ce ta sa ni, a bar mata laifinta, amma ni na san bakin da ya kawo shawarar. A rana ta huɗu da hantsi Baba ya shigo da littafin bayanin nan da takarda da ambulan, ya zauna a bakin tabarma.

"Uwata, kin ga lokacin da aka yi wa ɗakin Iya sabon yaɓe?"

Na ɗaga kai.

"Tsohon yaɓen ina ya tafi?"

"Yana ciki."

"To haka kaset yake. Muryar Iya tana sama, aikinmu yana ƙasa. Ni ban iya ɓamɓarewa ba, amma waɗanda suka ƙera abin sun iya. Ga adireshinsu nan. Za mu rubuta musu, in sun amsa mu aika da kaset ɗin."

Ya rubuta da Turanci, yana karanta mini yana fassarawa. Ya gaya musu sunan garinmu, da burtali, da tsofaffi biyu, ya ce ɗayan ya rasu. Bai ambaci kowace yarinya ba. Ni na lashi kan sarki na manna. Ya ce adireshin sai ya je gidan waya a Dutsin-ma zai kwafa daga littafin a tsanake, kada ya yi kuskuren harafi. Ran nan na sha kunu kofi biyu.

Daga nan jira ya zama ɗaya daga cikin ayyukana na gida, kamar ɗebo ruwa. Duk ranar da Baba ya je Dutsin-ma, tun kafin ya kafe babur nake tare shi in ce sun amsa? Ya ce tukuna, Uwata, Ingila da nisa. Wani lokaci ya ce mutanen suna da aiki da yawa, duniya duka ke rubuta musu. Shi kuwa bai zauna ba. Ya sake bin burtalin da Arɗo, da littafi a hannu wannan karon, amma manoma suka ce maganar gefe ɗaya ce. Aka yi girbi ba a duba ba. Da damina ta zagayo maƙwabcin Tanko shi ma ya ƙara kunya biyu, na gaba da shi ya ƙara uku. Shanu suka fara faɗawa gonaki, aka fara ɗaure su, aka fara kai ƙara, aka fara fitar da sanduna. Matan ruga suka rage kawo nono cikin gari. Wata shekara ina makarantar kwana na dawo hutu na ji safiya shiru, na tambaya, aka ce Arɗo ya tashi da mutanensa. Ya zo ya yi wa Baba ban kwana, ya bar wa Iya ƙwaryar man shanu. Abin da ya biyo baya kowa a ƙasarmu ya san shi. Masu bindiga da suka zo ba su tambayi wa ke noma wa ke kiwo ba, kuma mun ji cewa garken Arɗo yana cikin na farko da aka kora. Iya ta rasu kafin mu bar garin, Baffa Sale bai samu zuwa ba. Ranar da muka fito a bayan akori-kura, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka, Baba kwalin nan ya rungume.

Na san kaset ɗaya ba zai tare abin da ya cinye ƙasa guda ba. Garuruwan da ba su taɓa ganin kwamfuta ba sun watse, waɗanda littattafansu ke nan lafiya su ma sun watse. Na gaya wa kaina wannan sau da yawa, kuma hankalina ya yarda. Amma akwai wani wuri a ƙirjina da ba ya jin bayani. Yakan ce da ratsin ya fito ran nan, da Tanko ya ja kunyoyinsa baya, da maƙwabcinsa bai samu ƙofa ba, da Arɗo ya ƙara ko shekara biyu tare da mu. Wurin nan har yau shekararsa tara.

Sai da na shiga jami'a na nemi labarin kamfanin. Na rubuta sunan da na haddace tun ina yarinya, labarin ya fito gaba ɗaya. Mutane kaɗan ne suka fara shi a ɗan ƙaramin wuri, suna haɗa ƙananan kayan lantarki. A zamaninsu kwamfuta kayan manyan ma'aikatu da jami'o'i ce, su kuma suka ƙudura yin wadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya wa 'ya'yansa. Don ta yi araha suka cire mata duk abin da gida yake da shi. Suka ce ai kowa yana da talabijin, kowa yana da rikoda da kaset. Wannan dabarar ce ta shigar da ita gidaje masu yawa, ita ce ta sa ta iya aiki a zauren da ba shi da lantarki, kuma ita ce ta ajiye aikin Baba a kan abin da tsohuwa za ta iya yin magana a kansa. Sun yi tashe na ɗan lokaci. Sai masu yin irinta suka yi yawa, kowa yana karya farashi, sabuwar da suka fitar ba ta karɓu ba, kaya suka taru a sito ba mai saye. Aka sayar da sunan ga wasu, aka sallami ma'aikata, aka rufe ƙofa. Na duba lokacin da hakan ta faru, na sake dubawa. Tun kafin a haife ni ne. Dogon gidan nan mai tagogi da na gina a raina, ba kowa a cikinsa tun ranar da na fara gina shi.

Tausayin Baba ya kama ni har na kasa karatu ran nan. Na hango shi yana shiga gidan waya shekara da shekaru yana tambayar wasiƙar da ba mai rubuta ta. Na yi alkawari ba zan gaya masa ba. Da na zo hutu, a ɗakin hayar da muke a Katsina, yana zaune a kan buzu ƙafafunsa sun kumbura, ya tambaye ni da kansa.

"Uwata, a karatun naku kun ji labarin mutanen nan namu?"

"Suna nan, Baba," na ce. "Aiki ne ya yi musu yawa."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Haka ne. Duniya duka ke rubuta musu."

Bara ya rasu, bayan doguwar jinya. Kaset ɗin yana hannuna, na sa an juye mini shi a waya. Wani lokaci mutanen garinmu da ke warwatse a Katsina da Batsari da Dutsin-ma sukan roƙe ni in tura musu, don su ji Iya ta iso ƙofar gidansu ta ambaci uwarsu ko ɗansu. Ba mu da wata rajistar garin sai ita. Ni kuwa nakan wuce zuwa ƙarshe, in saurari numfashi huɗun nan na ƙara. Ban san ko wane yanki ne na burtalin ba. Ina jin kusa da mashaya ne.

A rana ta uku ta zaman makoki wani tsoho ya nemi a shigo da shi ya yi wa iyali ta'aziyya. Idonsa ɗaya ya yi fari, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Mai gyaran rediyon Batsari ne. Bayan addu'a ya tambaya ko allon Baturen yana nan, na ce yana nan.

"Allah ya jiƙan Malam," ya ce. "Tun ranar da na ba shi na gaya masa, ka riƙe ta da kyau, in ta lalace ba mai gyara, masu yin ta sun daɗe da rufewa, shi ya sa ta faɗo gwanjo. Ya ce ya sani, shi dai ta kai shi rani ɗaya. Da abin kaset ɗin nan ya faru ma ya zo wurina, bayan kwana biyu da sassafe. Na ce Malam, abin da aka ɗauki magana a kansa ya tafi, ko wanda ya ƙera shi ba ya dawo da shi. Ya ce to in sayar masa da ambulan in ina da shi, ɗiyarsa ba ta cin abinci."

Da mutane suka ragu na jawo kwalin daga ƙarƙashin gado. Na buɗe littafin bayanin, wanda rabona da taɓa shi tun ina firamare. Ambulan ɗin yana tsakiya, a liƙe, ya yi ja kamar takardun da ke kewaye da shi. Kan sarkin da na lasa yana nan a karkace yadda na manna shi, ba hatimi a kansa. Wurin adireshi kuwa fari fat, ko harafi ɗaya Baba bai rubuta ba.